Fuskar Rasmi a Kantin Aji Baya

Ranar da aka kawo Rasmi amarya layinmu, surukarta Aji Baya ta miƙe a gaban mata ta ce tunda mutanen tsibiri ba su yi wa 'yarsu sunan girma ba, to ita ta raɗa mata, daga yau Daeng Kebo take. Kebo kuwa a bakinmu na Makassar fari ke nan. Mata suka kwashe da dariya suna tafi, amarya ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ni ban tafa ba. Yarinyar baƙa ce, irin baƙin 'ya'yan masunta da rana ta gasa tun suna rarrafe, kuma baƙin ya yi mata kyau. Na ce a raina, matar da ke sayar da man sa haske ba za ta kira baƙar yarinya Fara don Allah da Annabi ba.

Ni ce Daeng Ngai, mai sayar da shinkafar kurkum da safe. Teburina yana kallon kantin Aji Baya, layin namu kuma ɗan tsukut ne, in ta yi atishawa a can sai na amsa mata daga nan. Saboda haka abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba, da idona na gani.

Kantin ba abin da babu: sukari, man girki, taliyar leda, sabulu, tukunyar gas, busasshen kifi. Amma abin da ke riƙe da shi yana cikin akwatin gilashi kusa da ƙofa, wasu 'yan robobi masu murfi na man sa hasken fata, ba suna ba takarda, farar ta rana, rawayar ta dare. Aji tana ce masa haɗin gida. Ba a gama cinye kek ɗin biki ba ta ajiye wa amarya kujera a jikin akwatin nan, ta ce zamanta ke nan. Kafin azumi ya zo fuskar Rasmi ta yi fari fat, wuyanta da hannayenta suna nan baƙaƙe, kamar an ɗora kan wata a jikin wata.

Duk matar da ta shigo sayen gishiri sai Aji ta zaro waya ta nuna mata hoton biki.

"Dubi da, dubi yanzu. Kebo, ɗaga fuskar taki mana, ba kuɗi za a cire miki ba. Kin gani? 'Yar tsibiri ce fa, da ƙarnin kifi aka kawo mana ita. Yanzu wa zai ce ba 'yar Koriya ba ce?"

Sai matar ta shafa kuncin Rasmi da ɗan yatsa, ta ce, "Kai, ya karɓe ta." Ta sayi gishirinta, ta haɗa da roba biyu.

Wannan kalma ta karɓa ita ce masifar layinmu. Mu ba ma cewa abu yana da kyau ko yana da illa. Magani ne, sabulu ne, ruwan rijiya ne, har miji, cewa muke yi ya karɓe ki ko bai karɓe ki ba. In kika sha magani kika yi amai, maganin lafiyarsa ƙalau, jikinki ne ya ƙi shi. Da wannan kalma mai kanti zai iya sayar miki da komai ya kwana lafiya, domin laifin kullum yana jikin mai saye.

Ni kuwa ido na sa. Abu na farko, fuskar Aji kanta duk ɗigon baƙi ce na tsufa, amma ban taɓa ganin man nan a jikinta ba. Da na tsokane ta, sai ta ce, "Haba Daeng Ngai, ni da na je Makka na dawo? Na wuce kwalliya." To, na ji. Sai wata rana autarta Mirna, budurwa mai ƙuraje a goshi, ta buɗe akwatin ta lakaci na rawayar roba. Wallahi marin da uwar ta kwaɗa mata sai da cokalin hannuna ya faɗi. Ta ja ta zuwa famfo ta wanke mata yatsan da sabulu har sau nawa. Da ta ga ina kallo sai ta yi dariyar yaƙe, ta ce yarinya ce mai ɓarnar kayan sayarwa.

Da sallah ta matso na je aron injin kaɗa ƙullin kek, don kullum ina jin ƙararsa daga ɗakin bayan kanti. Aji ta zabura kamar na ce ta ba ni zinarenta.

"Wancan ba na abinci ba ne!"

Ta shiga cikin gida ta ɗauko mini wani daban. Ina tsaye ƙofar ɗakin bayan ta ɗan buɗe. Ɗaki ne marar taga. Rasmi tana durƙushe a gaban baho, ta kashe injin tana kwashe man da tafin hannunta tana cika robobi, ya shafe ta har gwiwar hannu. Wani wari ya bugo ni, kamar na tsohon ƙarfe da aka fesa wa turare. Aji ta jawo ƙofar ta rufe. Daga baya na lura ita kanta in roba ta yi yoyo, sai ta sa hannunta cikin leda kafin ta ɗauka.

Ana haka Rasmi ta sami ciki. Da safe takan tsallako ta ci shinkafa wurina, don laulayi ya hana ta abincin gidansu. Wata rana ta kai loma baki ta yatsine fuska.

"Inna, kin canza tukunya ne? Ɗanɗanon ƙarfe nake ji."

"Ke, kiyaye ni! Tun ba a haife ki ba nake dafa shinkafar nan, ba wanda ya taɓa jin ƙarfe. Ci ki tashi."

Ta yi dariya, a nan na ga dasashinta ya yi jini. Cokalin kuma rawa yake a hannunta, shinkafa tana zubewa kafin ta kai baki. Ta ɓoye hannun a ƙarƙashin mayafi.

"Tun yaushe?" na ce.

"Ba komai, Inna. Mama Aji ta ce laulayi ne."

"Laulayi yana sa karkarwa? Na haifi shida, ban taɓa ji ba. Kina barci?"

"Ba sosai ba. Kuma mantuwa nake yi. Jiya na ba wata canji sau biyu, Mama Aji ta yi ta faɗa." Ta waiga wajen kanti, ta rage murya. "Na ce mata zan huta da man har in haihu. Ta ce in na bari fuskata za ta koma baƙa fiye da da, mutane su ce kayanta ne ba kyau. Ta ce ko so nake in rufe mata kanti, bayan da kantin aka biya sadakina?"

Raina ya ɓaci ƙwarai. Da yamma na tare mijinta Rustam, ya dawo daga rabon gas a babur. Rustam ba mugu ba ne, irin mazan nan ne da in uwarsu ta ce rana ce da tsakar dare sai su nemi inuwa.

"Rustam, ka kalli matarka kuwa? Ƙafafunta sun fi ƙarfin silifas."

"Ai ciki ne, Inna."

"Hannun fa?"

"Mama Aji ta ce dauɗar jiki ce man yake fitarwa. In ta gama fita zai daina."

"Dauɗar me? Wanka ne ba ta yi? To don me ƙanwarka ba ta shafawa?"

Ya sosa ƙeya. "Mirna fatarta ba ta ɗauka. Ita kuwa Kebo ya karɓe ta, kowa ya shaida. Inna, harkar mata ce, ni me na sani? Mama ta fi ni sani." Ya tura babur ɗinsa ya shige.

Abin da ya tayar da layinmu ba Rasmi ba ce. Ulfa ce, 'yar Daeng Sanging, wadda aka sa wa ranar aure. Ta yi ta shafa man don ta fito fes ranar biki, sai fuskar ta yi ja, ta fara saɓulewa. Da ta tsorata ta bari, sai baƙaƙen tabo suka fito mata a kumatu, manya kamar an ɗora mata dutsen guga. Daeng Sanging kuwa mace ce da in ta buɗe baki har masu kifi a bakin teku suke ji. Ta ja 'yar har kanti.

Aji ta dubi fuskar a natse, ta ce, "Ayya, bai karɓe ta ba ne. Kuma ai laifinta ne, wa ya ce ta bari a tsakiya? Ta ƙara roba ɗaya ta dare, zai share."

"In ƙara saye? In ƙara saye kika ce?"

"Ni sayarwa nake yi, Daeng Sanging, ban bi kowa gida na shafa masa ba. Mutum nawa suka saya suka gode? Ga Kebo nan zaune, ki tambaye ta."

A taron adashinmu na wannan makon ba a yi wata magana ba sai ita. Ashe ba Ulfa kaɗai ba ce. Wannan ta janye mayafi ta nuna wuya, waccan ta ce in ta shiga rana fuskarta kamar an zuba barkono. Kowa ta yi shiru ne a da don kada a ce jikinta ne mara kyau. Daeng Sanging ta ce daga yau ko allura kada wadda ta sake saye a kantin Aji Baya, sai ta kwashe robobin nan daga akwati. Aka amince, aka rubuta a zauren waya na matan layi.

Na ce, "Ku tsaya. Ita yarinyar da ke haɗawa da hannunta fa? Ciki gare ta."

Wata ta ce, "Wa? Daeng Kebo? Ita ai ya karɓe ta. Ba ki ga yadda take ƙyalli ba?"

Wata ta ce, "Ita ce ma ta ja mu. Da ba mu ga fuskarta ba, wa zai saya?"

Kantin ya yi tsit. Mata suna wucewa ta gabansa da ledojin babban kanti na bakin titi, suna karkaɗa su don Aji ta gani. Ni na zaci wannan zai sa ta sassauta wa yarinyar. Ina! Sai ta fito da kujerar waje, bakin ƙofa, inda rana ke duka, don duk mai wucewa ya ga fuskar. Da safe da dare Rasmi take shafawa, yanzu aka ƙara mata da na azahar. Fatar ta yi siriri har ana ganin jijiyoyi ja a kumatunta, idanunta sun kumbura, zoben aurenta ya nutse a yatsa. Tana zaune tana gyangyaɗi, in ta ji takun mutum sai ta ɗago ta yi murmushi kamar yadda aka umarce ta.

Da matan suka ga Aji ba ta da niyyar kwashe robobin, sai suka taru suka je mata gaba ɗaya, bayan la'asar. Na bar wanke-wankena na tsallaka.

Daeng Sanging ta ce, "Magana ɗaya ce. Kin ce ba guba ba ne. To buɗe ki shafa a gabanmu."

"Shafa! Shafa mu gani!"

Na ga idon Aji ya yi zuru-zuru, na ce yau dai an kama ta. Ashe ban san ta ba. Ta dafa ƙirji, muryarta ta yi laushi.

"Ni tsohuwa, fatata ta riga ta mutu, me za ku gani a jikina? Amma ku dubi nan. Wannan jikana ne a cikinta, jinina. Kuna ganin zan ba jikana guba? Kebo, tashi. Ɗauko ta daren."

Rasmi ta tashi da kyar, ta buɗe robar. Ta shafa a fuska. Aji ta ce wuya, ta shafa a wuya. Ta ce hannaye.

"Mata ne duka a nan, ɗaga rigar. Har nankarwar ciki yake gogewa, ku gani da idonku."

Yarinyar ta dube ni, sannan ta ɗaga gefen rigarta. Ta lakato man, hannun yana rawa, ta ɗora a kan cikin. Robar ta suɓuce ta faɗi, ta gangara har gaban ƙafar Aji. Aji ta ja ƙafarta baya da sauri.

Ban san lokacin da na yi ihu ba. "Ke Aji, ki ji tsoron Allah! Ƙafarki kike janyewa, kina sa a shafa wa ɗan da ke ciki?"

"Ina ruwanki, mai shinkafa? 'Yarki ce? Kin ga kantina ya fi teburinki shi ne kike zuga mutane. Na daɗe da sanin bakinki ne a bayan wannan abin."

Abin takaici, wasu daga cikin matan jikinsu ya yi sanyi. Na ji wata tana cewa, gaskiya da guba ne ba za ta yi wa jikanta haka ba. Aka watse ana ƙus-ƙus. Rasmi ta durƙusa tana kwashe man da ya zube da hannu tana mayarwa cikin roba.

Ranar awonta na ce wa Rustam ni ma zan je karɓar maganin hawan jini, bari in raka ta. A asibitin unguwa ungozoma ta danna ƙafar Rasmi, yatsa ya lotsa ya ƙi tasowa. Ta dubi fitsarin da ta kawo, duk kumfa. Ta dubi fuskar, ta dubi wuyan, ta ce, "Me kike shafawa?" Rasmi ta sunkuyar da kai. Ni na zaro robar da na sa aka sayo mini a ɓoye na ajiye a teburin. Aka tura mu babban asibiti, aka ɗebi jini da fitsari. Da sakamako ya fito likita ta ce zaiba ce, wani ruwan ƙarfe mai guba da ke cikin man, ta cika mata jiki, ta taɓa ƙoda, kuma abin da ke jinin uwa yana isa ga ɗa. Ta ce kada ta sake shafawa, kada ta taɓa, kada ma ta shiga ɗakin da ake haɗawa.

A mota Rasmi ta riƙe cikinta da hannu biyu, ta ce, "Inna, ya daina motsi kamar da. Ko barci yake yi?"

Na ce mata barci yake yi. Me zan ce?

Aji ta saurari bayanin tana tsintar tsakuwa a shinkafa. Ta ce likitocin nan kowace tana da man da take sayarwa a bayan fage, shi ya sa suke ɓata na mutane. Ta ce a zamaninsu mai ciki tana kumbura ta haihu lafiya, ba wanda ya ce ƙoda. Rustam ya ce a dai yi ta addu'a. Washegari da hantsi na ji ƙarar injin daga ɗakin baya, kuma na san ba Aji ce ke riƙe da shi ba.

Sai dai labarin zaiba ya riga ya shiga zauren waya. Da matan suka ji maganar ƙoda, suka tuna su ma suna da ita. Waɗanda jikinsu ya yi sanyi suka dawo da zafinsu. Mazansu suka daina karɓar gas daga Rustam. Mai unguwa ya zo da kansa ya ce wa Aji ana maganar kiran jami'an duba magunguna, kuma in suka zo ba ruwansa. Wannan ita ce maganar da ta shiga kunnenta.

Ranar Juma'a, a karatun mata na masallaci, sai ga Aji da faranti-faranti na kek da soyayyar ayaba. Bayan an shafa addu'a ta nemi izini, ta fara magana, hawaye shaɓe-shaɓe.

"'Yan uwana, na cuce ku ban sani ba. Shekara da shekaru ina sayar da man nan, wa ya taɓa kuka? Sai da na damƙa haɗin a hannun yarinyar nan. Na yarda da ita kamar 'yar cikina. Ashe 'yar tsibiri ba ta san awo ba, ga kwaɗayin fari. Inda na ce cokali ɗaya na sinadarin sai ta zuba uku, don ta yi saurin haske. Ta cuci kanta, ta cuce ku, ta zubar mini da mutunci. Amma ni ce babba, ni zan ɗauka. Na kwashe shi duka na ƙone. Ku yafe mini."

Na ce, "A ina kika ƙone? Layin nan ko takarda aka ƙona sai kowa ya yi tari. Ni ban ga hayaƙi ba."

Daeng Sanging da kanta ta taɓa ni. "Haba Daeng Ngai, a masallaci muke. Mace ta yi kuka ta nemi gafara, me kuma kike so? Abin da muka nema mun samu." Daga baya na ji Aji ta ɗauki nauyin kai Ulfa wurin likitan fata.

Aka ci kek, aka rungumi juna. A zauren waya aka yi ta tura hoton akwatin gilashi, an cika shi da biskit da man gashi, ana rubuta mun yi nasara, haɗin kan mata ya yi rana. Kafin magariba kantin ya cika.

Rasmi kuwa ba a sake ganinta a kujera ba. Aka ce za ta tafi gida haihuwa, iskar teku za ta fi karɓarta. Da safen da za su tafi tashar jiragen ruwa na fito yi mata sallama. Fuskar ta fara komawa, ba baƙinta na da ba, wani dabbare-dabbare, ta rufe da mayafi. Rustam yana loda kwalayen taliya guda uku da aka naɗe da salatif. Na kama ɗaya zan taya shi, na ji nauyin ba na taliya ba ne.

"Mene ne a ciki?"

Aji ta amsa daga ƙofa. "Kayan jariri ne, da ɗan abin da za ta kama sana'a. Ni ba na sallamar suruka hannu biyu."

Na dubi Rasmi. Ta kawar da kai.

Layinmu ya koma zamansa. Aka yi bikin Ulfa, hoda ta rufe tabon, Aji ce ma a gaba wajen karɓar baƙi. Ba wadda ta ƙara ambaton Daeng Kebo, sai in ana ba da labarin yadda muka gyara wa mai kanti zama. Kuma gaskiya ne, mun gyara mata. Mun nuna in mata suka rufe jakunkunansu, kanti sai ya durƙusa. Amma abin da muka nema shi ne a ɗauke guba daga gaban idonmu, shi kuma aka yi mana. Ba wadda ta tambayi inda aka kai ta. Mun yi faɗa don kumatunmu, muka bar wadda ta zuba hannu a cikin bahon ta ɗauki laifin ta tafi da shi. Har yau in na tuna yadda muka ci kek ɗin nan sai kunya ta kama ni.

Da na ji ta haihu, kuma ba wanda ya je daga gidan mijin sai saƙon waya, na rufe teburina na shiga kwalekwale mai inji na tafi tsibirin. Gidansu na katako ne a kan turaku, ƙarƙashinsa an shanya raga. Mahaifiyarta ta tare ni da murna, tana ta sa wa Aji albarka, wai surukar kirki, ta sallamo 'yarta da jari.

Rasmi tana zaune a tabarma kusa da taga, ƙafafun har yanzu a kumbure. Jaririn namiji ne, bai kai lokacinsa ba aka haife shi. Na karɓe shi, ba nauyi. Bai yi kuka ba, bai bi fuskata da ido ba, ɗan hannunsa yana wani irin karkarwa.

"Yana shan nono?"

"Likita ta hana, Inna. Ta ce abin yana cikin nonon. Madarar gwangwani ake ba shi." Ta miƙo hannu ta gyara masa zani. "Daeng Rustam ya ce zai aiko da kuɗin madarar. Ya ce kasuwa ce sai a hankali."

A kusurwar ɗakin na ga kwalayen. Biyu a rufe, ɗaya a buɗe, robobin man ne a ciki, an sayar da rabi. 

Muna nan sai aka yi sallama a ƙasan tsani. Wata budurwa ce ta hawo, baƙa kyakkyawa, gashinta da danshin teku, ta dunƙule kuɗi a hannu. Ta gaishe mu cikin kunya.

"Yaya Rasmi, a ba ni ta dare."

Rasmi ta ja jiki zuwa kwalin. Ta sa hannunta cikin leda, ta zaro robar. Ta daɗe tana riƙe da ita, ledar tana ƙara saboda rawar hannun.

"Kina da miji?"

"An sa rana."

"In kin sami ciki ki bari. Kin ji ni? Ki rantse za ki bari."

Yarinyar ta yi dariya ta rufe baki, ta ce ta rantse. Ta ajiye kuɗin a tabarma, ta karɓa, ta sauka da gudu.

Na buɗe baki zan yi magana. Rasmi ta riga ni, ba ta ɗago ba.

"Madararsa ta ƙare tun jiya, Inna."